Dushen na Bulon, likitan da ya yi yawo da akwatin lantarki

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaji na sashen lantarki ya san tambayar farko da malami ke jefo masa idan fanka ta ƙi juyawa: ina matsalar take? Wuta ce ba ta taso daga makunni ba, ko waya ce ta tsinke a hanya, ko koyil ɗin fankar ne ya ƙone? Wanda bai iya raba ukun nan ba shi ne zai sa mai gida ya sayi sabuwar fanka, alhali ɓera ne ya ci waya a cikin silin. To ashe jikin ɗan Adam ma haka yake. Hannu kan mutu don ƙwaƙwalwa ta daina aiko da umarni, ko don jijiyar da ke kai umarnin ta lalace, ko don tsokar da kanta ta ƙare. A ido duk abu ɗaya ne, hannu ne ya ƙi ɗaguwa. Cikin waɗanda suka fara koya wa likitoci raba waɗannan a jikin mai rai, babu kamar wani Bafaranshe mai suna Guillaume Duchenne de Boulogne. Sunan nasa ana furta shi Dushen, garinsu kuma Bulon, kuma haka zan rubuta su daga nan har ƙarshe.

Kafin mu yi nisa, kalmar jijiya a Hausa ta ɗauki kaya da yawa. Wadda jini ke bi jijiya ce, ta agara ma jijiya ce. A wannan rubutu idan na ce jijiya, ina nufin fararen zaruruwan nan da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka suka bazu cikin jiki, masu kai umarni ga tsoka, su kuma dawo da labarin zafi da sanyi da taɓi. Su ne wayarin ɗin jiki.

An haifi Dushen ranar 17 ga Satumba 1806 a Bulon, garin masunta da matuƙan jiragen ruwa a arewacin Faransa, bakin mashigin tekun da ya raba ta da Ingila. Gidansu gidan teku ne. Mahaifinsa kyaftin ne na jirgin ruwa, wanda Napoleon ya ba lambar girmamawa saboda jarumtar da ya nuna a yaƙi da Ingila, kuma burinsa ɗan ya gaje shi. Yaron ya ƙi teku, ya ce shi karatu zai yi. Ya fara a garin Douai, ya wuce Paris karatun likita, ya gama a 1831 da kundi a kan ƙuna. Babu wani abin a zo a gani a zamansa na ɗalibi. Ya tattara ya koma gida ya buɗe wurin duba marasa lafiya, ya yi aure, kowa ya ɗauka labarin ke nan: likitan masunta, har tsufa.

Sai ƙaddara ta faɗa masa. Matarsa ta haifi ɗa namiji, bayan 'yan kwanaki zazzaɓin jego ya ɗauke ta. Shi ne ya karɓi haihuwar, sai surukarsa ta bi gari tana cewa shi ya kashe mata 'ya. A tuna, a lokacin ba wanda ya san ƙwayoyin cuta ne ke jawo wannan zazzaɓi. Sai a 1847 ne Semmelweis ya nuna a Viyana cewa wanke hannu kafin a taɓa mai naƙuda na rage mutuwar, shi ma aka yi masa ca. Dangin matar suka karɓe jaririn, suka raba shi da ubansa, rabuwar da ta kusa kai shekara talatin. Mutumin ya shiga wani hali, ya janye daga mutane, masu zuwa wurinsa suka ragu. A cikin wannan zaman kaɗaici ne, wajen 1835, ya fara wasa da lantarki.

Yi wa mara lafiya magani da lantarki ba shi ya fara ba. Tun zamanin Rumawa akwai likitan da ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai jan mutum. Mu ma muna da irinsa a kogunanmu da tafkin Chadi, wato minjirya, har idan ƙafa ta mutu don dogon zama mukan ce ta yi minjirya. A zamanin Dushen abin da ake yayi a Paris shi ne a soka wa mutum allurai har cikin nama sannan a sakar musu wuta daga batir. Akwai azaba, kuma yakan bar gyambo. Yawancin masu yin sa ma 'yan neman kuɗi ne, kowace cuta ka kawo musu wuta ce maganinta. Dushen ya gwada, amma abin da ya ɗauke masa hankali daban ne: ya lura cewa idan wutar ta shiga wuri ɗaya, tsoka ɗaya tak ke tsukewa, maƙwabtanta na kwance. Ke nan ana iya kiran kowace tsoka ita kaɗai a ji ko za ta amsa.

Nan ne labarin ya zama na 'yan sashenmu. A 1831, shekarar da Dushen ya gama karatu, Michael Faraday ya gano a Landan cewa idan wuta ta sauya a cikin koyil ɗaya, tana haifar da wuta a koyil na biyu da ke kusa da shi ko da ba su haɗu ba. Wannan ita ce dokar da taransifomar unguwarku ke aiki da ita, ita ce kuma ta koyil ɗin mota. Dushen ya haɗa na'urarsa a kan wannan doka: batir, koyil biyu, da wani ɗan ƙarfe mai karkarwa da ke yanke wutar yana mayarwa da sauri, yadda koyil na biyu zai riƙa fitar da gajerun bugu masu ƙarfi. Ya yi mata hanyar ƙara ƙarfi da ragewa, ya zuba ta cikin akwati da mutum ɗaya zai iya ɗauka. Ya raɗa wa aikin suna daga sunan Faraday.

Babbar dabararsa kuwa mai arha ce har ta ba da dariya. Ya yar da allura. Ya gano cewa busasshiyar fata tana tare wuta, sai ta tsaya a sama tana cizon mutum. Amma idan aka naɗe bakin wayoyin da soso ko ƙyallen fata jiƙaƙƙe, aka danna a jiki, wutar na ratsa fatar ta isa tsokar da ke ƙasa ba tare da an huda kowa ba. Wanda ya taɓa auna tirjiyar hannunsa da mita, a bushe sannan a jiƙe, ya ga yadda lambar ke faɗuwa. Abin ke nan. Da soso biyu kusa da juna sai ya tsare wutar a ɗan ƙaramin wuri, ya zaɓi tsokar da yake so.

A 1842, yana da shekara 36, ya bar Bulon ya koma Paris da akwatinsa. Ba shi da kujera a kowane asibiti, ba ya koyarwa a kowace jami'a, kuma har ya mutu bai samu ko ɗaya ba. Abin da yake yi shi ne, kullum da safe ya bi asibitocin talakawa ɗaya bayan ɗaya, ya nemi izinin manyan likitoci ya duba masu shanyewar jiki da aka ajiye a lungu an gaji da su. Da yamma ya duba nasa marasa lafiya masu biya, da su yake ci. Ɗalibai da ƙananan likitoci sun mai da shi abin dariya, ɗan ƙauye mai kama da matuƙin jirgi, ga shi ba ya iya tsara magana a gaban taro. Ko ƙarin sunan garinsu da aka yi masa, don kada a rikita shi da wani likitan masu kuɗi ne mai suna kusan iri ɗaya. Amma yana da abin da masu kujera ba su da shi, wato lokaci da naci. Likitan asibiti yana ganin mara lafiya ne iya zamansa a gadonsa. Dushen kuwa idan aka sallami mutum sai ya bi shi asibiti na gaba, ya bi shi gida, shekara da shekaru, yana rubuta yadda cutar ke tafiya. Wasu manya suka fara lura, musamman Armand Trousseau, wanda ya riƙa ambaton aikinsa a darussansa, yana gabatar da shi a tarukan likitoci tunda shi bakin bai taimake shi ba.

Ba zan ɓoye ba, wannan ɓangaren ne ya sa na zaɓe shi. Mu da muke cikin rigimar difloma da digiri mun san yadda ake kallon wanda ya shigo da akwatin kayan aiki a hannu. Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki: Dushen cikakken likita ne mai takarda. Muƙami ne ba shi da shi.

Me akwatin ke gaya masa? Ɗauki mutum biyu, kowanne hannunsa ya mutu. Na farko shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, matsalar na cikin ƙwaƙwalwa. Idan aka ɗora masa soso, tsokar za ta tsuke sarai, domin jijiyar da tsokar duk lafiya suke, umarni ne kawai ba ya zuwa. Na biyu wuƙa ce ko karaya ta datse masa jijiya. A kwanakin farko shi ma tsokar za ta amsa, amma bayan kamar mako guda sai ta yi shiru, ko an ƙara wuta. Dalilin, wanda Augustus Waller ya nuna a jikin kwaɗi a 1850, shi ne guntun jijiyar da aka raba da uwarsa rubewa yake yi cikin 'yan kwanaki. Gajerun bugun na'urar Dushen ta jijiya suke bi su tayar da tsoka, idan jijiyar ta rube babu mai kai saƙo. Daga baya Wilhelm Erb na Jamus ya ƙara bayani a 1868, cewa irin wannan tsoka tana amsa wutar batir mai tafiya a miƙe, amma a hankali, kamar tsutsa na motsi. Da wannan gwaji likita ya samu abin da bai taɓa samu ba. Yana iya cewa matsalar sama take ko ƙasa, kuma yana iya gaya wa mai ciwo ko ya sa rai ko kada ya sa.

Ya yi wannan a kan masu fenti da ma'aikatan da ke shaƙar farar dalma, waɗanda wuyan hannunsu ke lanƙwashewa ya kasa ɗagowa. Ya nuna cewa gubar dalma tana da tsarin da take bi, tana kashe tsokokin da ke miƙar da yatsu da wuyan hannu, amma ta tsallake wata doguwar tsoka ta gefen damtse da ke cikin rukuninsu. Wanda ya kwana a kan hannunsa ya danne jijiyar kuwa, har da ita take mutuwa. Ka ga daga tsoka ɗaya an gane guba ce ko danniya ce.

Sai shan inna, wadda mu a Arewa ba sai an yi mana bayaninta ba. Duk da an tabbatar a Agusta 2020 cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, waɗanda ta nakasa suna nan cikinmu, wasu ma ajinmu ɗaya. Dushen bai san ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba, wannan sai a 1908 aka gano. Amma ya lura cewa a ƙafar yaron da ta shanye, tsokokin da suka ci gaba da amsa wuta ko da kaɗan su ne ke farfaɗowa, waɗanda suka yi shiru gaba ɗaya kuwa yawanci sun tafi. Daga yadda abin ke kama da datsewar jijiya ya yi hasashen cewa ɓarnar a laka take, kuma binciken gawa daga baya ya gaskata shi. Ya kuma ƙera takalma da safar hannu masu roba da sifirin, waɗanda ke ja a madadin tsokar da ta mutu.

Da yake yana kiran tsokoki ɗai-ɗai, sai ya gano cewa littattafan da aka rubuta daga yankan gawa sun yi kuskure a wurare da dama game da aikin kowace tsoka. Ya nuna cewa babu tsokar da ke aiki ita kaɗai. Idan ka tayar da tsokar kafaɗa ita kaɗai da wuta, hannu zai ɗaga amma allon kafaɗa zai ɓullo baya kamar fiffike, domin a motsin gaske akwai wata da ke riƙe shi. Wannan aiki ya fito a babban littafi a 1867. Littafinsa na farko kan lantarkin kuwa tun 1855 ya fito, aka sake buga shi a 1861 da 1872, kowane bugu ya fi na baya kauri. A 1858 ya yi bayanin wasu marasa lafiya da ake lissafawa cikin shanyayyu saboda tafiyarsu ta tangaɗi. Da ya auna ƙarfinsu a kwance sai ya tarar ƙafafun na da ƙarfi sosai, abin da suka rasa shi ne sarrafa motsin, musamman cikin duhu. Daga baya aka tabbatar tsohon tunjere ne ke cin laka. A 1872 kuma ya bayyana shanyewar hannun jariri da aka ja da ƙarfi wurin haihuwa, wadda har yau sunansa da na Erb take ɗauke da shi.

Cutar da ta fi ɗaukar sunansa ita ce mafi ban tausayi. Yaro namiji ne za a haifa lafiya, ya yi jinkirin tafiya, wajen shekara uku zuwa biyar ya fara yawan faɗuwa, ya kasa hawa matakala. Idan ya zauna a ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa kafin ya miƙe. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne sha-raɓarsa manya ne, cike kamar na ɗan dambe. Yaya za a yi tsoka ta yi girma haka kuma ta rasa ƙarfi? Dushen ya kawo labarin yaro na farko a bugun 1861, a 1868 kuma ya fitar da cikakken bayani kan yara 13. Da farko ya zaci daga ƙwaƙwalwa ne. Don ya ga abin da ke ciki ba tare da jiran yaro ya mutu ba, sai ya ƙera wata allura mai rami da ɗan murfi mai zamewa, wadda ake sokawa ta gutsuro ɗan mitsitsin nama. A ƙarƙashin madubin likita ya ga cewa girman na bogi ne, kitse da zare-zare ne suka cike gurbin tsokar. Sai ya sauya ra'ayi, ya koma kan cewa tsokar ce da kanta ke lalacewa. A misalinmu na fanka, wuta ta zo, waya lafiya, koyil ne ya ƙone.

A nan dole a faɗi gaskiya. Wani likitan Landan, Edward Meryon, ya riga shi. Tun 1851 ya gabatar da bayanin cutar, ya nuna maza take kamawa, tana bin gida, kuma ya duba laka ya ga lafiyarta ƙalau. Dushen ya san aikin, amma ya nace cewa wata cuta daban Meryon ya gani. A ganina bai kyauta ba, kuma abin mamaki ne daga mutumin da ya ɗanɗana raini. Shi kansa ya sha rigima da Robert Remak na Jamus kan wace irin wuta ta fi, da kuma dalilin da ya sa wasu wurare a fata suka fi tayar da tsoka. A wannan Remak ne ya faɗi daidai, wuraren ne jijiya ke shiga tsoka. Asalin cutar yaran kuwa sai a 1986 da 1987 aka gano shi a Amurka, a ɗakin binciken Louis Kunkel: wani sinadarin da ke riƙe bangon zaren tsoka ne jikinsu ba ya yi, kuma ta wajen uwa ake gadonta, ita uwar galibi ba ta nuna alama. Tana samun kamar ɗaya cikin jarirai maza 3,500 zuwa 5,000. Har yau ba a warkar da ita, sai dai a rage mata gudu.

Idan ka nemi sunansa a intanet, ba waɗannan za ka fara gani ba. Hotunan wani tsoho mara haƙora za ka gani, an ɗora masa wayoyi a fuska, yana zaro ido kamar ya ga mutuwa. Daga littafinsa na 1862 ne kan yadda fuska ke nuna abin da ke zuciya, ɗaya daga cikin littattafan likitanci na farko da aka yi da hotuna na gaske. Ya yi aikin tare da mai hoto Adrien Tournachon. Tsohon yana da larurar da ta rage masa ji a fuska, shi ya sa aka fi amfani da shi. Dushen ya riƙa tayar da tsokokin fuska ɗaya ɗaya, yana haɗa fushi da tsoro da mamaki a fuskar mutumin da ba ya jin ko ɗaya a ransa. Da ya ja tsokar kumatu sai baki ya yi murmushi, amma murmushin bai yi kama da na gaske ba. Da ya ba tsohon dariya da labari sai ya ga bambancin: a dariyar gaske tsokar da ta kewaye ido ma tana tsukewa, kuma ba kasafai mutum ke iya juya ta da gangan ba. Abin da muke kira dariyar yaƙe ke nan, ya nemo mata tsokarta. Charles Darwin ya yi amfani da wasu hotunan a littafinsa na 1872. Ni dai hotunan ba sa yi mini daɗin kallo. Yawancinsu talakawan asibiti ne, ciki har da mata da yara, a zamanin da mara lafiyar da ba shi da ko sisi ba ya iya ce wa likita a'a.

Na'urar Dushen tana yin tambaya ne, ido kuma ya ga amsa. Abin da aka ƙara bayansa shi ne aunawa. Tun 1850 Helmholtz ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, a 1929 Adrian da Bronk suka ƙera allurar da ke ɗauko wutar da tsoka ke yi da kanta, a 1948 aka fara auna gudun saƙo a jijiyoyin marasa lafiya. Yau idan mutum ya je da mutuwar yatsu, ko zafin tafin ƙafa irin na masu ciwon suga, ko yaro da ƙafarsa ta saki bayan allurar ɗuwawu da ta taɓa jijiya, gwajin kashi biyu ne. A na farko ana manna wayoyi a kan tsokar hannu, a bugi jijiyar da ɗan lantarki a wuyan hannu, a sake bugunta a gwiwar hannu, a auna tazarar da tef. Idan tazarar santimita 25 ce, bambancin lokacin kuma kashi 5 cikin dubu na daƙiƙa, gudun ya zama mita 50 a daƙiƙa, wanda shi ne kusan ƙasan abin da ake so a hannun mai lafiya. Idan gudun ya ragu, rigar jijiyar ce ta lalace. Idan girman amsar ne ya ragu, zaruruwan ciki ne suka mutu.

A kashi na biyu ana soka siririyar allura cikin tsoka, a haɗa ta da amfilifaya da allo da lasifika. Lafiyayyar tsoka idan tana hutawa shiru take. Wadda jijiyarta ta mutu kuwa, bayan mako biyu zuwa uku zaruruwanta kan fara harbawa da kansu, ka ji ƙara kamar yayyafi a kan kwano. Shi ya sa likita kan ce a jira kafin a yi gwajin bayan rauni. Kuma gwajin manyan zaruruwa yake gani, ƙananan da ke ɗaukar zafi ba ya kama su, don haka sakamako mai kyau ba ya nufin mai ciwo ƙarya yake. Wannan duk daban yake da 'yar na'urar nan da wasu ke yawo da ita a kasuwa da ofisoshi, a ba ka ƙarfe ka riƙe minti ɗaya, kwamfuta ta zayyano maka cuta ashirin, sannan a ciro maganin daga jaka. Irin su ne suka cika Paris lokacin da Dushen ya iso, kuma saboda su ne aka daɗe ana yi masa kallon ɗaya daga ciki.

A shekarunsa na ƙarshe ya samu abin da ya fi kujera. Jean-Martin Charcot, wato Sharko, wanda ya mai da asibitin Salpêtrière cibiyar ilimin jijiya ta duniya, ya buɗe masa ɗakunan marasa lafiyarsa, yana kuma lissafa shi a matsayin malaminsa duk da shi ne mai muƙamin. Suka yi musayar sani, Dushen ya kawo lantarki da hoto da idon lura, Sharko ya koya masa duba laka da jijiya a ƙarƙashin madubi. Ƙungiyoyin likitoci na ƙasashen waje suka yi ta ba shi wakilci, amma majalisar likitocin ƙasarsa ba ta taɓa zaɓensa ba. Ɗan nan da aka ƙwace masa ya dawo gare shi a Paris wajen 1862, shi ma ya zama likita, ya rubuta kundinsa a kan shan inna, suka yi aiki tare. Zaman bai kai shekara goma ba. A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamus, matarsa ta biyu ta rasu, a 1871 taifod ya kashe ɗan. Tsohon bai ƙara komawa daidai ba, ko da yake ya ci gaba da zagayen asibitocinsa.

A 1875 jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, irin shanyewar da ya shafe shekara talatin yana bambance ta da sauran. Sharko na cikin waɗanda suka yi jinyarsa. Ya rasu a Paris a watan Satumba na shekarar, aka kai shi gida Bulon aka binne. Bayan shekaru aka kafa masa allon tunawa a Salpêtrière, asibitin da bai taɓa karɓar albashinsa ba. An sassaƙa shi a sunkuye kan mara lafiya, wayoyi a hannu, akwatin a gefensa.